Garin Da Ke Tona Asirin Dafin Ƙarfe Cikin Ruwa: Ina Ruwan Manomi Da Shi?

 A wannan fitowa zan ajiye zancen iri da taki da feshi, in ɗauko wani zance wanda da farko za ku ce na masu farar riga ne a ɗakin bincike. Zancen wani irin gari ne da masana suka ƙago, wanda yakan yi ƙyalli in an haska shi da wata fitila. Ƙyallin nan kuwa yakan dushe, ko ya canja launi, idan akwai dafin ƙarfe cikin ruwan da aka jiƙa garin da shi. Ra'ayina shi ne, wannan abu ya shafe mu fiye da yadda ya shafi waɗanda suka ƙago shi, saboda haka ya kamata mu san shi, mu kuma nemi a gyara shi bisa ga bukatarmu. Amma tuwon bai nuna ba tukuna, kada mu naɗe hannu muna jiransa. Bari in kawo dalilaina ɗaya bayan ɗaya.

Dafin da ido ba ya gani

Mun saba da cututtukan ruwa irin su kwalara da zawo da kurkunu, mun kuma san maganinsu. A tace ruwa da ƙyalle mai tsabta, a tafasa shi, a rufe randa. Da irin wannan koyarwa aka kori kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2013 cewa ya ƙare a Nijeriya. Amma akwai wani dafi wanda wannan koyarwa ba ta kama shi ba, watau dafin ƙarafa masu nauyi. Manyansu su ne dalma, da zaiba, da kadmiyom, da kuromiyom.

Waɗannan ƙarafa sukan narke cikin ruwa kamar yadda gishiri ke narkewa cikin miya. Sai dai gishiri harshe yana jinsa, su kuwa a awon da suke cutarwa ba su da ɗanɗano, ba su da wari, ba su da launi. Ƙyalle ba ya tare abin da ya narke. Tafasawa tana kashe ƙwayar cuta gama ita mai rai ce, amma ƙarfe ba shi da rai balle a kashe shi. In ma ruwan ya daɗe a wuta har ya ƙone, ruwa ne ya ragu, dafin yana nan, sai ma ya ƙara kauri.

Ku dubi ƙanƙantar abin da ake magana a kai. Idan aka raba giram ɗaya kashi miliyan, kashi ɗaya daga ciki shi ne mikirogiram. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalma ta wuce mikirogiram 10 cikin lita ɗaya ta ruwan sha. Zaiba kada ta wuce 6, kadmiyom 3, kuromiyom 50. Ga yadda za mu gane na dalma. Ƙaramin dunƙulen Maggi giram 4 ne. A raba shi huɗu, a ɗauki kashi ɗaya. Dalma mai nauyin wannan ɗan gutsure, in ta narke cikin duro 500 na ruwa, masu cin lita 200 kowanne, to ruwan nan duka ya kai iyakar da aka yarda. Wane ido ne zai ga wannan? Hukumar ta kuma ce babu awon dalma a jikin yaro da za a ce ba shi da lahani. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimi, ta rage jini, abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwar yaro kuwa sau da yawa ba ya gyaruwa. Cikin yaro yana shanye dalma ninki huɗu ko biyar na abin da cikin babba ke shanyewa.

Abin da ya riga ya faru

Wannan ba labarin ƙanzon kurege ba ne. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Yaran suna amai, suna jijjiga, an ba su maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi kome ba. Ashe duwatsun da ake haƙowa domin zinariya suna cike da dalma. Mutane suna kawo su cikin gida, suna daka su a turmi, suna niƙa su a injin niƙan hatsi. Ƙurar ta bi tsakar gida, ta bi hatsi, ta bi hannun yara zuwa baki. Da aka yi ƙidaya a ƙauyuka biyu, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu cikin shekara ɗaya. Watau ɗaya cikin huɗu ke nan. Cikin waɗanda aka auna jininsu, 97 bisa ɗari suna bukatar maganin fitar da dalma nan da nan. A waɗansu wurare kashi ɗaya cikin goma na ƙasar da aka auna dalma ce. Yaran da suka mutu a jihar an ƙiyasta sun kai 400. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, garin Bagega ma bai sami wannan gyara ba sai 2013. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu.

Akwai abu ɗaya da nake so ku riƙe. Kafin yaran Zamfara su soma mutuwa, mutane sun lura agwagi suna ƙarewa, amma ba wanda ya san ma'anar abin. Ruwa ba ya tsami banza. Da akwai wani abin awo mai sauƙi a hannun mai unguwa ko malamin asibitin ƙauye, da agwagin nan sun isa gargaɗi.

Sauran ƙarafan ma suna da nasu tarihin. A Minamata ta ƙasar Japan, a 1956, aka gane wata cuta mai sa makyarkyata da makanta da shanyewar jiki. Zaiba ce daga ruwan wata masana'anta ta taru a jikin kifi, masunta suka ci. A lardin Toyama, a Japan ɗin dai, ruwan ma'adinai mai kadmiyom ya shiga kogin Jinzu, manoma suka yi ban ruwan shinkafa da shi. Shinkafar ta shanye dafin, ƙodar mutane ta lalace, ƙasusuwan mata suka riƙa karyewa. Gwamnatin ƙasar ba ta yarda da tushen cutar ba sai 1968, bayan shekaru masu yawa. A wata unguwa a gefen Dakar ta Senegal yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa tsofaffin baturan mota. A Kano kuwa masu bincike na jami'o'i sun sha samun kuromiyom da waɗansu ƙarafa cikin ruwan da ke fitowa daga unguwannin masana'antu na Chalawa da Sharaɗa da Bompai, inda ake jima, masu lambu kuma suna ban ruwa daga ƙasa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mene ne wannan gari?

Masana suna kiransa da haruffa uku, MOF. Ni zan kira shi saƙar ƙarfe. Ku tuna da yadda ake kafa rumfa: dirkoki da sanduna, an ɗaure su a mahaɗa, tsakaninsu kuwa fili ne. Haka wannan gari yake, sai dai rumfunan sun yi ƙanƙanta har madubin likita ba ya nuna su. Mahaɗan ƙarfe ne, irin su zinki ko zirkoniyom. Sandunan kuwa sinadarai ne dangin gawayi. Suna jeruwa a tsare kamar saƙar zuma, ɗaki bayan ɗaki, ko'ina ƙofa.

Mutum uku ne suka buɗe wannan hanya. Richard Robson na Jami'ar Melbourne a Ostareliya ya nuna a 1989 cewa ana iya yin irin wannan gini. Susumu Kitagawa na Japan ya nuna a 1997 cewa iska tana iya shiga ɗakunan ta fita ba tare da ginin ya rushe ba. Omar Yaghi kuwa, wanda aka haifa a Amman ta ƙasar Jodan cikin gidan 'yan gudun hijirar Falasɗinu, ya tashi inda ruwan famfo ba ya zuwa kullum, shi ne ya yi wanda ake kira MOF-5 a Amurka a 1999. Giram ɗaya na MOF-5, in za a shimfiɗa bangayen ɗakunan da ke cikinsa, za su rufe murabba'in mita 2,900. Watau gari mai nauyin dunƙulen Maggi ɗaya yana da faɗin kusan eka uku a cikinsa. A watan Oktoba na 2025 aka ba mutanen nan uku lambar Nobel ta ilmin sinadarai. Yanzu ire-iren wannan saƙa da aka yi sun kai dubun dubata.

To ina zancen ƙyalli ya shigo? Kun san fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita a banki da kantuna. In an haska takardar naira ta gaske, waɗansu zane da ba a gani da rana sai su bayyana. Abin da ke faruwa shi ne, tawadar tana shan wani haske da ido ba ya gani, ta mayar da shi haske mai launi. Waɗansu irin saƙar ƙarfe haka suke yi. A waɗansu sandunan ne ke ƙyalli. A waɗansu kuma sandunan suna shan hasken su miƙa wa mahaɗa, in mahaɗar ta ƙarfen yuropiyom ce ta ba da ja, in ta tarbiyom ce ta ba da kore.

Masana sukan dasa waɗansu ƙugiyoyi a bangayen ɗakunan, misali na farar wuta, gama zaiba da dalma suna son maƙalewa a farar wuta. Sa'ad da ruwa ya ratsa ɗakunan, narkakken ƙarfen sai ya maƙale a ƙugiya, ya sace ƙarfin da zai zama haske, sai ƙyallin ya dushe. Gwargwadon yawan dafin, gwargwadon dushewar. Da yake ɗakunan suna da yawa haka, garin yana tattara ɗan abin da ke cikin ruwa wuri ɗaya, shi ya sa yake iya jin awo ƙanƙane. Akwai iri uku: wanda haskensa ke mutuwa, wanda haskensa ke tashi in ya gamu da dafi, da wanda ke canja launi, misali daga shuɗi zuwa ja.

Ga misali ɗaya na gaske. A 2016 masana na Jami'ar Rutgers a Amurka, ƙarƙashin Farfesa Jing Li, suka ba da labarin wani iri mai suna LMOF-263, wanda aka yi da zinki. Yana jin zaiba tun daga mikirogiram 3.3 cikin lita, dalma kuwa daga 19.7. Ban da ganowa yana kuma kamawa: a gwajinsu ya tsame fiye da 99 bisa ɗari na zaibar da ke cikin ruwan cikin rabin sa'a. Waɗansu masanan kuma suna shafa irin wannan gari a 'yan takardu, a tsoma cikin ruwa, a haska, a ɗauki hoto da wayar hannu, wayar ta karanta launin.

Dalilin da ya sa na ce ya shafe mu

Yau idan ƙungiyarku tana so ta san ko akwai dalma a rijiyarta, sai a ɗebi ruwa a kwalba a kai birni, inda akwai injin awo. Injin nan yana da tsada ƙwarai, yana bukatar lantarki da iskar gas da gwanin ma'aikaci. Ga kuɗin mota, ga kuɗin awo, ga jiran amsa. Saboda haka yawancin rijiyoyinmu da fadamunmu ba a taɓa auna su ba ko sau ɗaya. Mutumin birnin Turai ba ya bukatar 'yar takarda, gama hukumar ruwansa tana auna masa kullum. Mu ne muke zaune kusa da ramin ma'adinai, mu ne muke ban ruwa daga ƙasan masana'anta, mu ne kuma muka fi nisa da ɗakin awo.

Mun riga mun ga irin canjin da ɗan ƙaramin abin awo ke kawowa. Dā sai an kai jini wurin mai madubin likita kafin a tabbatar da zazzaɓin cizon sauro. Yanzu malamin asibitin ƙauye yana ɗiga jini a ɗan katako na roba, cikin minti ashirin amsa ta fito. Idan aka sami irin wannan domin dalma da zaiba, sakataren ƙungiya zai iya zagaya rijiya goma da hantsi ɗaya. Wadda ta nuna alama, ita kaɗai za a kai ruwanta birni a tabbatar. Kuɗin da dā za a kashe a kan goma sai a kashe a kan ɗaya.

Inda garin ya kāsa tukuna

Kada in yi muku tallan abin da bai iso kasuwa ba. Yawancin waɗannan abubuwa suna ɗakin bincike har yanzu, kuma akwai dalilai.

Na fari, ku sake duban lambobin da na ba ku. LMOF-263 yana soma jin dalma a 19.7, iyakar Hukumar Lafiya kuwa 10 ce. Ruwa mai 15 ya wuce iyaka, amma garin zai ce lafiya lau. Abin awon da zai ce wa uwa ruwa yana da kyau alhali ba shi da kyau, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyu, ruwan ɗakin bincike tatacce ne, namu kuwa yana da laka da kanwa da tsatsa da ruɓaɓɓen ganye. Baƙin ƙarfen da ke sa ruwan burtsatse ya yi ja yana dushe ƙyallin ire-iren garin nan da yawa, haka ma tagulla. Ke nan garin zai iya yin ƙarar dafi inda babu dafi, a rufe rijiya mai kyau a banza.

Na uku, waɗansu irin saƙar ba sa jure ruwa. MOF-5 kansa laimar iska tana rushe shi. An sami masu ƙarfi, kamar UiO-66 da aka yi da zirkoniyom a Jami'ar Oslo ta Norwe a 2008, amma tilas a nuna cewa takardar awo za ta yi watanni a kabad ɗin ƙungiya, cikin zafin bazara da laimar Agusta, ba ta lalace ba.

Na huɗu shi ne mafi girma. Garin nan yana jin ƙarfen da ya narke cikin ruwa ne kawai. Yaran Zamfara kuwa ƙura da ƙasa da abinci ne suka fi kai musu dalma. Mutanen Minamata ta wurin kifi suka sha zaiba. Rijiya tana iya fita da kyau, tsakar gida kuwa tana kisa. Domin ƙasa da fenti da kwanuka akwai wata dabara dabam da masana na cibiyar AMOLF a Amsterdam ta Holan suka bayyana a 2023: wani ruwa ne da ake fesawa, in ya taɓa dalma sai wurin ya yi koren ƙyalli a ƙarƙashin fitilar. Wannan ba saƙar ƙarfe ba ce, amma 'yar'uwarta ce a aiki, kuma bukatarmu ta haɗa su duka biyu.

Saboda haka ga abin da nake roƙon masana, musamman namu na jami'o'in Zariya da Kano da Jos da Sakkwato da Minna. Ku gwada garinku da ruwan rijiyarmu da na fadamarmu, kada ku tsaya ga tataccen ruwa. Ku fi ba da ƙarfi ga irin da ke canja launi ko wanda haskensa ke tashi, gama haske yana iya dushewa domin batirin fitila ya yi sanyi ko domin ruwa ya yi gurɓi, amma shuɗi ya koma ja, tsohuwa ma za ta gane. Ku rubuta bayanin amfani da shi da Hausa. Ku kuma faɗa mana inda za a zubar da takardar bayan an gama, tun da ta riga ta kama dafi.

Masu cewa gara kada a sani

Na san abin da waɗansunku za su ce. Mai lambu zai ce, in aka auna aka sami dafi, wa zai sayi alayyafona? Wannan tsoro na gaske ne, ban raina shi ba. Amma wa ke fara cin ganyen lambun, in ba iyalin mai lambu ba? Har wa yau, inda babu awo, jita-jita ce ke mulki. Ran da aka ce kayan lambun gari kaza suna da dafi, mai laifi da marar laifi duk kasuwarsu ta mutu. Ƙungiyar da ke da littafin awo ita ce za ta iya fid da kanta. In kuwa an sami dafin, noma bai ƙare ba. Ana iya haƙa rijiyar lambu a bar ruwan rafi. Ana iya canja shuka, gama ganyaye irin su alayyafo da latas sun fi tara ƙarafan nan bisa ga yawancin masu ba da 'ya'ya. Ana kuma iya kai takardar awo gaban hukuma a nemi mai zubar da dafin ya tace ruwansa. Baki kaɗai ba ya kai ƙara ko'ina, lamba a takarda ita ce shaida.

Wani zai ce, masu haƙar zinariya 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, da rani da ita suke ci, awo zai jawo musu kora. Lalle talauci ne ya kai su rami, kuma in aka kore su sai su koma yi a ɓoye cikin gida, inda abin ya fi muni. Amma an gwada a Jihar Neja an gani, idan aka fitar da niƙan dutse bayan gari, aka riƙa yayyafa ruwa sa'ad da ake niƙa, ƙurar dalma tana raguwa ƙwarai. Awo yana nuna inda za a gyara, gyaran kuwa shi ke barin mutum da sana'arsa da 'ya'yansa.

Wani kuma zai ce kwalara da yunwa sun fi gaggawa. Gaskiya ne, kada mu bar tace ruwa da gina salga. Sai dai kwalara tana zuwa da ƙara ta wuce, dalma kuwa tana zama cikin ƙasa shekaru aru-aru. A 2020 Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta yaro ɗaya cikin uku a duniya yana da dalma a jini fiye da awon da ya kamata a tashi tsaye a kai. Yaron da muke biya wa kuɗin makaranta da gumin gona, in dalma ta riga ta taɓa kansa, asarar ta gida ce har tsufansa.

Abin da ƙungiya za ta iya yi bana

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawarata, a tattauna ta a taronku na wata mai zuwa.

1. A zana taswirar ruwan garinku. A rubuta kowace rijiya da rafi da tafki, a rubuta abin da ke samansa: ramin ma'adinai, wurin wankin zinariya, majema, marina, garejin makanikai, juji.

2. A buɗe asusun awo. In kowane memba ya ba da mudu ɗaya na hatsi da kaka, za a iya kai ruwan wuraren da aka fi shakka sashen ilmin sinadarai na jami'a mafi kusa, ko ɗakin awo na hukumar ruwa ta jiha. A tambaye su tukuna irin kwalbar da suke so da yadda za a ɗebo. A auna sau biyu, ƙarshen rani da bayan ruwan fari. Inda ake aikin ma'adinai a haɗa da ƙasar tsakar gida. A karɓi amsa a rubuce da lambobi, sakatare ya gwada su da lambobin da na ba ku, ya ajiye a littafi.

3. A kafa doka cewa injin niƙan ƙungiya ba ya niƙa dutse ko sau ɗaya, kome kuɗin da aka bayar. Turmin abinci da buhun hatsi ma haka. Dutsen ma'adinai kada ya shiga gida. Mai aikin rami ya yi wanka ya canja tufafi kafin ya ɗauki yaro, mace mai ciki da yara kada su je wurin niƙa.

4. Tsohon batirin mota ko na sola kada a fasa shi a gida, kada a jefa shi kusa da rijiya. A bar sa wa jarirai kwalli, gama kwallin dutse da yawa dalma ce.

5. A lura da dabbobi. Agwagi ko kaji ko shanu su riƙa mutuwa ba dalili kusa da wurin ma'adinai, a gaya wa malamin dabbobi da na asibiti a ranar. Yaro mai jijjiga wanda maganin zazzaɓi bai yi masa aiki ba, a faɗa wa likita sana'ar gidan, a roƙa a auna dalma a jininsa.

6. A ciyar da yara da wake da zogale da nono da ƙwai gwargwadon hali, a kuma wanke musu hannu kafin ci. Cikin da ba kome a ciki, da jikin da ba shi da isasshen jini, sun fi shan dalma. Abinci ba ya fitar da dafi, yana dai rage abin da ke shiga.

7. In masu bincike sun zo neman ruwan gwaji, a karɓe su da murna, amma da sharaɗi: su komo su faɗa wa jama'a abin da suka samu, da bakin da jama'a ke ji.

8. In wani ya zo kasuwa da garin da ya ce yana gano dafi ko yana tsarkake ruwa, ba lambar hukuma, ba shaidar wani ɗakin awo, kada a saya.

Ina sa zuciya ran nan za ta zo da takardar awon dalma za ta zauna a akwatin sakatare tare da littafin bashi da na taki. Amma takarda ba ta tuƙa kanta zuwa rijiya. Ƙungiyar da ta riga ta san rijiyoyinta, tana da asusu, tana da littafi, ita ce za ta ci moriyarta ran da ta iso. Wadda ba ta shirya ba, ko an ba ta kyauta sai ta ruɓe a kabad. Ku yi shawara, ku rubuto mana abin da ƙungiyarku ta yanke, domin waɗansu su koya daga gare ku.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.

Naku,
Malamin Gona